Ƙwaƙwalwa Takwas a Bakin Rijiya Ɗaya

(Kiɗan buɗe shiri)

Gaisuwa ga mutanen Bader Gula da ƙauyukan kewaye, da na Dakwaro, da Kornaka, da Birnin Lalle, da makiyayan da ke kama mu daga kwarin Tarka har zuwa Bermo da Gadabeji. Iyayenmu maza da mata, Allah ya ƙara girma. Samari da 'yan mata, ku matso kusa da rediyo, domin galibin zancen yau naku ne.

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban teburin mai sayar da salula ran kasuwa ya ji irin wannan magana: "Alhaji, ɗauki wannan, ƙwaƙwalwa takwas gare ta." Mai saye ya ƙara kuɗi, ya tafi gida da murna. Bayan wata biyu sai ka gan shi a rumfar mai caji yana ƙorafi, wayar ta yi nauyi, tana ɗaukar zafi, in ya taɓa WhatsApp sai ya jira kafin ta buɗe. To, ina ƙwaƙwalwa takwas ɗin suka shiga? Mai sayarwa bai yi ƙarya ba, suna nan ciki. Abin da bai faɗa ba, wataƙila shi ma ba a faɗa masa ba, shi ne yadda suke aiki tare, da wanda yake raba musu aikin. Nan ne ƙarfin waya yake, kuma shi za mu warware yau.

Mu fara daga tushe. A cikin kowace kwamfuta, kuma salular da ke aljihunka ita ma kwamfuta ce, akwai wani ɗan guntun abu mai yin lissafi. Shi ake kira ƙwaƙwalwa. Aikinta ɗaya ne: ta ɗauko umarni daga ma'ajiya, ta aikata, ta mayar da sakamako, ta ɗauko na gaba. Ma'ajiyar da take ɗaukowa ita ce masu sayar da waya suke kira ram. Kada a haɗa ta da inda hotunanku da wa'azin da kuka sauke suke zaune. Ram wurin aikin da ake kansa ne yanzu-yanzu, da an kashe waya sai ta koma wayam.

Shekaru da dama kwamfutar da mutum ke saya ƙwaƙwalwa ɗaya tak gare ta. Duk da haka za ka ga tana kiɗa, tana rubutu, tana karɓar saƙo, kamar duk lokaci guda. Dabara ce. Ƙwaƙwalwar tana taɓa wannan aiki na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, ta ajiye, ta taɓa wancan, ta dawo. Mai yi mata wannan juyi ita ce babbar manhaja, wadda take tashi da na'ura tun daga kunnawa, take kuma riƙe da ita har a kashe. Windows babbar manhaja ce. Linux ma haka. Android da ke cikin Tecno da Itel da Infinix ɗinku kuwa, a kan zuciyar Linux aka gina ta.

Da aka so ƙarin ƙarfi sai aka ce, me zai hana a sa ƙwaƙwalwa biyu ko huɗu cikin na'ura guda? Hanya biyu aka bi. A ta farko, ƙwaƙwalwa ɗaya ce uwar ɗaki. Ita kaɗai ke tafiyar da babbar manhaja, ita ke magana da allo da ma'ajiyar hotuna, sauran sai abin da ta miƙa musu. In aiki ya yi mata yawa, duk sai su zauna suna jiranta. A hanya ta biyu kuwa, ƙwaƙwalen daidai wa daida suke. Iri ɗaya ne, ram ɗaya suke ɗiba, babbar manhaja ɗaya ke kansu, kuma kowace tana iya ɗaukar kowane aiki, har aikin babbar manhajar kanta. Wannan tsari na biyu shi masana suke taƙaita sunansa da haruffa uku, SMP. Akwai wani abu mai ban sha'awa a cikinsa: lokacin da ka kunna waya, ƙwaƙwalwa ɗaya ce take fara farkawa, ta tayar da babbar manhaja, sannan ta tashi 'yan uwanta. Da sun tashi, shi ke nan, babu babba babu ƙarama.

Mutanen wannan yanki ba sa bukatar dogon bayani a nan, domin kuna ganin tsarin kullum. Ku dubi rijiyar makiyaya da rani. Rijiya ɗaya ce, amma an kafa gwafa huɗu ko biyar a bakinta, kowace da igiyarta da wasakinta, da raƙumi ko sa ko jakuna masu ja. Yaro ya kora dabba ta yi nisa da igiya, wasaki ya fito, babba ya tare ya juye a kwami, a dawo a sake zurawa. Babu gwafar da ta fi wata. Garkunan da ke tsaye suna jira su ne manhajojinka: WhatsApp, da kyamara, da rediyo, da lissafin kuɗi. Masu ja su ne ƙwaƙwale. Rijiyar ita ce ram. Dattijon da ke cewa garken wane ya matso, na wane ya dakata, shi ne babbar manhaja. Kun kuma san abin da ke faruwa in babu shi, ko in ya yi sakaci: wata gwafa layi har ya gaji, wata ba kowa, igiyoyi su sarƙe a ciki, a wuni ana hayaniya dabbobi ba su sha ba. Kun san kuma ko an ƙara gwafa goma, bakin rijiya bai ƙara faɗi ba, idon ruwa bai ƙara kawowa ba. Ku riƙe wannan, za mu bukace shi.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Tsarin nan na SMP ba yau aka fara shi ba. A 1962 kamfanin Burroughs na Amurka ya fitar da wata na'ura mai suna D825 don aikin soja, wadda ake lissafa ta cikin na farko-farko da suka haɗa ƙwaƙwale masu daidaito. A 1984 wani kamfani mai suna Sequent, a jihar Oregon, ya fara sayar da kwamfutocinsa na Balance, tare da babbar manhajarsu DYNIX. Waɗannan duka kayan gwamnatoci ne da jami'o'i da manyan kamfanoni. Windows NT da ta fito a 1993 ta zo da sanin wannan tsari. Linux, wadda ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara a 1991, sai a 1996 ta koye shi.

Abin da ya sauko da shi hannun talaka kuwa zafi ne. Da, in ana son kwamfuta ta ƙara sauri, sai a ƙara wa ƙwaƙwalwarta guda ɗaya gudu. Haka aka yi ta yi har Pentium 4 ta kamfanin Intel ta kai bugu biliyan 3.8 a daƙiƙa ɗaya. Daga nan abu ya ci tura, domin ƙarin gudu yana zuwa da ƙarin cin wuta da zafin da ba a iya kashewa cikin sauƙi. A 2004 Intel ta fasa fitar da mai bugu biliyan 4. Sai masu ƙira suka koma ga abin da Bahaushe ya daɗe da faɗa, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. A 2005 Intel da AMD suka fitar da ƙwaƙwalwa biyu a guntu ɗaya don kwamfutar gida. A 2011 salula mai ƙwaƙwalwa biyu ta shiga kasuwa, LG Optimus 2X. Kafin ƙarshen 2013 kamfanin MediaTek na Taiwan, wanda guntayensa ke cikin da yawa daga wayoyin kasuwanninmu, ya fitar da mai takwas da za su iya aiki gaba ɗaya.

Jera ƙwaƙwale a guntu shi ne mai sauƙin. Wahalar tana wajen babbar manhaja, kuma ina so mu dube ta da kyau, da misalin kuɗi, don kowa ya san zafinsu.

A ce Malam yana da jika 10 a asusunsa na waya. Ɗansa da ke ci-rani a Agadas ya turo masa jika 5. A daidai wannan ƙiftawar, shi kuma Malam yana biyan mai shago jika 3. Saƙon biyu suka isa babbar kwamfutar da ke riƙe da asusu, ƙwaƙwalwa ta farko ta ɗauki ɗaya, ta biyu ta ɗauki ɗaya. Ta farko ta leƙa ram ta ga 10. Ta biyu ma ta leƙa ta ga 10, domin ba a riga an canza komai ba. Ta farko ta tara 5, ta rubuta 15. Ta biyu ta ɗebe 3 daga 10 ɗin da ta gani, ta rubuta 7 a kan 15 ɗin. Malam ya duba ya ga jika 7, alhali 12 ne haƙƙinsa. Jika 5 sun salwanta, babu ɓarawo, babu maha'inci, kuma kowace ƙwaƙwalwa lissafinta daidai ne. Mafi muni, irin wannan kuskure ba kullum yake fitowa ba. Sai a gwada sau dubu lafiya lau, a na dubu da ɗaya ya auku, don sai ayyukan biyu sun yi karo a ƙiftawa guda.

Maganinsa kwaɗo ne. Kafin ƙwaƙwalwa ta taɓa asusun Malam sai ta kulle shi, ta karanta, ta lissafa, ta rubuta, sannan ta buɗe. Wadda ta zo ta tarar a kulle dole ta jira. Wani masani ɗan ƙasar Holand, Edsger Dijkstra, ya wallafa hanyar warware wannan matsala tun 1965, kuma har yau kan wannan tushe ake tafiya. Saboda irin waɗannan kwaɗuna ne kuke tura kuɗi su isa cif-cif.

Amma kwaɗo nawa za a sa, kuma a ina? Lokacin da Linux ta fara aiki da ƙwaƙwale da yawa a 1996, masu rubuta ta sun bi hanya mafi aminci: kwaɗo ɗaya babba a ƙofar zuciyar manhaja gaba ɗaya. In ƙwaƙwalwa ɗaya ta shiga, sauran su tsaya a waje, ko da abin da suke nema bai shafi nata ba. Ba a yin karo, amma ana asarar ƙarfi, tun ba ma in ƙwaƙwalen sun yi yawa. Sai aka shiga farfasa babban kwaɗon zuwa ƙanana, wannan na layin ayyuka, wannan na ram, wannan na fayiloli, kowane lungu da nasa. Ba a cire ragowar babban kwaɗon ba sai a 2011. Shekara 15 ke nan, masana daga ƙasashe daban-daban suna bin manhajar layi-layi. A ganina, a duk tarihin nan babu abin da ya kai wannan nuna inda aikin yake.

Ƙananan kwaɗuna su ma da tasu fitinar. Ƙwaƙwalwa ta farko ta riƙe kwaɗon gabas tana jiran na yamma, ta biyu ta riƙe na yamma tana jiran na gabas. Babu mai saki, babu mai wucewa, na'ura ta sandare. Dokar da aka kafa ita ce kowa ya ɗauki kwaɗuna bisa jeri ɗaya, na gabas kafin na yamma, ko da wane aiki ya zo.

Akwai kuma wata. Ram tana da nisa da jinkiri in aka gwada da saurin ƙwaƙwalwa, don haka kowace ƙwaƙwalwa tana da 'yar ma'ajiyarta ta kusa, inda take ajiye kwafin abin da take yawan taɓawa. To in ta farko ta canza adadin kuɗin Malam a tata 'yar ma'ajiyar, ta biyu kuma tana riƙe da tsohon kwafi fa? Dole na'urar kanta ta riƙa shela a tsakaninsu, wadda ta canza abu ta sanar, masu tsohon kwafi su yar. Wannan shela tana cin lokaci. Shi ya sa mai rabon aiki na babbar manhaja ba ya son ɗauke aiki daga ƙwaƙwalwar da ta saba da shi ya kai wata. Kowace ƙwaƙwalwa da layinta, sai ya ga wani layi ya yi tsawo wani kuma babu kowa, sannan ya daidaita.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, ga wanda ya kama mu yanzu, muna magana ne kan kwamfuta da salula masu ƙwaƙwalwa da yawa, da babbar manhajar da ke tafiyar da su.

Yanzu mun zo ga tambayar mai saye: shin takwas ta ninka ɗaya sau takwas? A'a. A 1967 wani injiniya mai suna Gene Amdahl ya yi bayanin dalili. A kowane aiki akwai kason da za a iya rabawa, akwai kuma wanda dole a yi shi bi da bi, sai an gama wannan a shiga wancan. In kashi 10 cikin 100 na aiki ba ya rabuwa, ƙwaƙwalwa takwas ba za su ba ka ninki takwas ba, ninki biyar ma ba za su cika ba, kuma ko dubu ka jera ba za ka wuce ninki goma ba. In rabin aikin ne ba ya rabuwa, takwas ɗin ko ninki biyu ba za su kai ba. Manhajoji da yawa na yau da kullum kuwa, babban aikinsu a kan ƙwaƙwalwa ɗaya ko biyu yake tafiya, sauran suna ɗan taimako a gefe. Sannan ga bakin rijiyar da muka ce ku riƙe: duk takwas ɗin ram ɗaya suke ɗiba ta hanya ɗaya. In ram ɗin kaɗan ce, babbar manhaja sai ta riƙa korar wannan manhaja don ta shigar da waccan, kai kuma kana kallon allo kana jira.

Takwas ɗin ma ba duka ɗaya ba ne. A 2011 kamfanin ARM na Ingila, wanda zanensa ke cikin kusan kowace salula, ya fito da tsarin haɗa manyan ƙwaƙwale da ƙanana a guntu guda. Manya masu ƙarfi ne masu shan batir, ƙanana marasa gudu ne masu tsimin wuta. Guntun Helio G85, alal misali, manya biyu gare shi da ƙanana shida. Helio P22 kuwa takwas ne shi ma, amma duka ƙanana. A jikin kwali lambarsu ɗaya, a hannu kuwa da bambanci. A nan an ɗan kauce wa daidaiton asali, aikin mai rabo kuma ya ƙaru: saƙon murya da kake saurare a ba ƙarama, buɗe kyamara a tashi babba, da an gama a mayar da ita barci. Ga mutumin da cajin wayarsa sai ran kasuwa, ko sai farantin sola ya sha rana, wannan rabo shi ne bambancin batir mai kwana biyu da mai mutuwa kafin la'asar.

Zafin bazararmu ma yana da hannu. In waya ta yi zafi fiye da kima, babbar manhaja da kanta take rage wa ƙwaƙwalen gudu don kada guntun ya lalace. Saboda haka wayar da aka bari tana caji a rana, ko a kan rufin kwano, ko ake kallon bidiyo da ita tana jone, za ta yi nauyi komai yawan ƙwaƙwalenta. Masu rumfar caji, don Allah ku yi wa wayoyin mutane inuwa, ku daina tara su kan juna.

A can sama kuwa, manyan kwamfutocin da ke riƙe da saƙonninku da kuɗinku sun yi nisa. A 2022 AMD ta fitar da guntu ɗaya mai ƙwaƙwalwa 96. In yawa ya kai haka, hanya ɗaya zuwa ram ba ta isa, sai a rarraba ram ɗin, kowane rukuni da ta kusa da shi, babbar manhaja kuma ta kula ta ajiye aiki kusa da kayansa. Tun daga ƙarshen 2017, kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya duka Linux suke amfani da ita, 'yar uwar wadda ke cikin wayar makiyayi a Tarka. Hasashen damina da cibiyar Agrhymet ta Yamai da takwarorinta suke bayarwa, wanda manomi ke jira kafin shuka, ya dogara da lissafin da irin waɗannan manyan na'urori suke yi.

To, ɗan uwa mai shirin sayen waya, in an ce maka takwas, ka tambaya: manya nawa, ƙanana nawa, mene ne sunan guntun? Ka tambayi girman ram. In ka ga an rubuta 4+4, ka sani 4 na farko ne ram na gaskiya, na biyun aro ne daga ma'ajiyar hotuna, kuma bai kai na farko sauri ba. In kuɗinka na ƙaramar waya ne, nemi mai Android Go, wadda aka rage mata nauyi musamman don waya mai ƙaramar ram. Manhajojin da ba ka amfani da su ka cire su gaba ɗaya, domin wasunsu suna aiki a ɓoye. Waɗanda ke alkawarin wanke waya su ƙara mata gudu kuwa, shawarata ka bar su, su ma layi suke shiga su ci rabon wasu.

Ku kuma ƙannena 'yan makaranta, na Bader Gula da na Dakwaro, Linux a buɗe take. Rubutunta duka yana intanet kyauta, har da mai rabon aiki da kwaɗunan da muka yi bayani, kowa yana da izinin karantawa da gyarawa. Tsohuwar kwamfuta mai ƙwaƙwalwa biyu ta isa a fara koyo. Ku riƙe lissafi da kyau, ku tambayi malamanku, wanda Allah ya kai shi jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi ko ta Abdu Mumuni a Yamai ya nemi wannan fanni. Iyaye, in kun ga yaro ko yarinya da son wannan abu, ku ba su goyon baya.

Mai tambaya ya aiko da saƙo ta hannun wakilanmu, za mu amsa a shiri na gaba in Allah ya kai mu.

(Kiɗan rufe shiri)